Abin da Ke Cikin Akwatin Duane

Duluth, 3 ga Satumba

Gwaggo Marlys,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gwiwar taki? Ni dai ina cikin matsala. Saura mako shida Baba ya cika shekara da rasuwa, kuma na yi wa abokansa alkawari ranar za su sha irin giyar da ya saba dafa musu a gareji. Sau biyu ina dafawa, sau biyu ina tuttularwa a kwata. Ta farko warin amai take yi. Ta biyu kuwa, Kawu Merle, amininsa, ya kurɓa ya tofar, ya ce, "Ke yarinya, safar wa kika jiƙa a ciki?"

Takardar Baba nake bi daki-daki. Har akwatin ƙarfen nan na sanyaya dahuwa na tono a bayan tsofaffin tayoyi, da shi nake aiki. Ke ce malamar kimiyya. Ina nake kuskure?

'Yarki,
Tegan

Wausau, 7 ga Satumba

'Yata Tegan,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa da sauƙi. Kin faranta mini rai, don ni na saya wa ubanki Duane akwatin nan shekara tara da suka wuce!

Saurara. Idan ruwan tsiron hatsin ya tafasa, dole ya huce da wuri kafin a zuba yis, in ba haka ba ƙwayoyin cuta su riga yis shiga. Da can ubanki naɗaɗɗen bututun tagulla yake tsomawa a tukunya, ruwan sanyi na bi ta ciki. Zafi ba shi da mafita sai fatar bututun, shi ya sa yake cin minti arba'in. Akwatina kuwa farantai talatin ne sirara a jere, mai zafi na bi ta nan, mai sanyi na tahowa ta can, suna gogar juna ta bayan ƙarfe. Minti biyar an gama. Shekara talatin ina koya wa yara wannan, har yau yana burge ni.

Akwatin ba shi da laifi. Ki duba bokitinki da hannuwanki.

Taki,
Gwaggo

Duluth, 12 ga Satumba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Kada ki karanta wannan kina cin abinci.

Kawu Merle ya zo taya ni wanke bokiti, ya hango akwatin, ya ce, "Kar dai ta cikin wannan mushen kike bi da giyar?" Tunda ba ya buɗuwa, zarto ya sa masa.

Gwaggo, baƙin dagwalo ne cunkus tsakanin farantan, mai yauƙi kamar majina, ga furfurar ruɓa ta tsiro a kai. Da Kawu ya dangwalo da tsinke sai dagwalon ya biyo shi yana ja. Warin ya kore mu waje, har kare ya bar garejin. Kuma na ɗanɗana abin da ya bi ta nan, sau biyu! Na goge harshena har ya yi jini.

Kawu ya ce sau ɗaya Baba ya taɓa amfani da shi, ranar da kika zo, don ki ji daɗi. Kina tafiya ya jefa shi bayan tayoyi ko ɗauraya babu. Wai cewa Baba ya yi, "Minti arba'in ɗin nan su ne hirarmu, Marlys na so ta mayar da su biyar."

Bututun na nan a rataye. Dahuwa ɗaya ta rage mini kafin ranar.

Tegan

Wausau, 15 ga Satumba

'Yata,

Ina gaisuwa. Ban ji gargaɗinki ba, miyata na gabana na karanta. Tana kwandon shara.

Na cika miki takarda da yadda zafi ke fita, ban tambayi yadda datti zai fita ba. Ki yafe mini.

Ki goge bututun da ruwan tsami, ki tsoma shi tun dahuwa na tafasa. In kina motsa shi a hankali, lokacin zai ragu zuwa rabi. A'a, bar shi. Kada ki motsa shi, a bar minti arba'in ɗin nan yadda suke.

Ina zuwa ranar Asabar. Ki ajiye mini kujera kusa da tukunya.

Gwaggonki,
Marlys