Igiya Biyu

Lahadi, 3 ga Maris
Na yi jika! Mace. Haikaeli, matar ɗana Elisante, ta sauka lafiya da hantsi. Shekara tara muna jira. Na rubuta a bangon littafin nan har sau uku: jika, jika, jika. Albarkar ajin yaƙi da jahilci na yamma ke nan, wanda na shiga da furfurata ana yi mini dariya.

Lahadi, 10 ga Maris
Matata Aikande ta karɓi jego. Wata uku Haikaeli ba fita ba aiki, sai mtori, farfesun ayaba da nama da man shanu. Aikande ta ce ba za a ce a garinmu Machame surukarta ta fito daga jego kamar sandar rake ba.

Ni kuwa romo kawai nake samu. Tun bara da nas ta ce a yanki igiya daidai tsawona, a ninka biyu, in ba ta zagaye ciki ta kan cibiya ba to da haɗari, Aikande ta murza tawa da ɓawon itacen ayaba. Kowace Lahadi bayan coci sai ta auna ni. Yau saura yatsa biyu. Ta ce, "Tsoho, saki numfashin, ba yau na san tumbin nan ba."

Alhamis, 21 ga Maris
Jaririyar ta kama ɗan yatsana. Ta ƙi saki.

Talata, 26 ga Maris
Aikande ta hawo da ciyawar saniya, ta zauna a bakin ƙofa tana haki. Wai muƙamuƙinta na ciwo, ga ƙwannafi. Na ce mu gangara asibiti. Ta ce wace uwar miji ce ke barin tukunyar mai jego, so nake matan coci su samu abin faɗa? Na ce ai ɗanɗanon mtori ne ya yi mata yawa. Muka yi dariya. Na bar zancen.

Talata, 2 ga Afrilu
Aikande ta faɗi a gindin murhu da rana. Kafin mota ta kai mu asibitin Moshi ta cika.

Asabar, 6 ga Afrilu
Mun sa ta a cikin gonar ayaba, kusa da mahaifiyata.

Na sa likita ya maimaita mini, don in rubuta daidai. Jijiyoyin zuciyarta sun daɗe suna toshewa. Ya ce namiji tun yana matashi kitse ke taruwa masa a ciki, mace kuwa sai al'ada ta ɗauke yake barin ƙugu ya koma ciki, daga nan haɗarinta ya fara kamo na maza. Kuma sau da yawa ciwon ba ya zo wa mata a ƙirji. Muƙamuƙi. Ƙwannafi. Gajiya.

Na ce ai ba ta da jiki, dubi hannuwanta. Ya tambaye ni ko an taɓa auna cikinta. Shekara arba'in da takwas ina tare da ita. Zane take ɗaurawa, ban duba ba.

Laraba, 17 ga Afrilu
Haikaeli ta miƙo mini yarinyar, na ce hannuna da datti. Sunan Aikande suka sa mata. Ba laifinta ba ne, na sani. Amma tukunyar jegon nan ce ta hana matata zuwa asibiti.

Lahadi, 28 ga Afrilu
Ina neman allura a gwangwanin matata na ɗinki. Igiyata tana ciki. Ƙarƙashinta akwai wata, gajera, a ninke biyu, an ƙulla mata ƙarin tsumma kusan taƙi guda.

Ashe ta auna kanta. Ta sani. Ni take hana wa nama.

Lahadi, 5 ga Mayu
Ba wanda ya auna ni.

Lahadi, 19 ga Mayu
'Yata Ndeshi ta zo daga Arusha. Shekararta arba'in da bakwai yanzu, hannuwan uwarta sak. Bayan coci na ce ta jingina da bango, na murza ɓawo, na yanka daidai kanta. Ta ce, "Baba, ni ma tumbin gare ni?" Na ce ta saki numfashin. Saura yatsa uku. Alhamis zan raka ta asibiti, ta yarda.

Sai ta ce to kawo taka. Dole hannun Haikaeli ya riƙe ɗaya bakin igiyar, shi ya sa na karɓi yarinyar. Don haka ne kawai.

Ta yi nauyi. Har aka gama ban mayar ba.