Dokin Da Ba Ya Kan Allo

Habana, Talata, 10 ga Maris, 1914

Yaya Casilda,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida Fulgencio da yara. Ina cikin damuwa, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Jiya Baba ya zauna wasan ƙarshe na darar sarki, wato ces, mai doki da hasumiya da sojoji, da Plácido Arrieta, lauyan nan na Cienfuegos. Wanda ya ci shi ne gwanin kulob, kujerar da Baba ke kai shekara ashirin da biyu. Sun yi awa biyar ba a gama ba, aka ɗage zuwa Asabar. Kin san ƙa'idar. Wanda motsi ke hannunsa ba ya taɓa allo, sai ya rubuta motsinsa a ɓoye, a liƙe a ambulan, magatakarda ya ajiye har ranar da za a ci gaba. Motsin na Baba ne. Magatakardan kuwa ni ne.

Yaya, idon Baba ya tafi fiye da yadda yake nunawa. Na duba littafina: daga Janairu zuwa yau, sau goma sha ɗaya ya miƙa hannu bai sami kofinsa ba. A cikin kansa yake riƙe da allon yanzu. Jiya da yake rubutun ko kallon wasan bai yi ba. Idan aka buɗe aka tarar da motsin da ba ya yiwuwa, ya faɗi nan take, kuma alƙalin wasa zai karanta shi da ƙarfi a gaban mutum fiye da sittin. Faɗuwar ba ta dame ni ba. Dariyar nake tsoro.

Wataƙila ni ne nake zuzuta abin, kin san halina. Ambulan ɗin yana aljihun ƙirjina, na taɓa shi ya fi a ƙirga.

Ki gaishe mini da kowa.
Ƙaninki, Eleuterio

Matanzas, Laraba

Eleuterio,

Muna lafiya, yara na gaishe da kawunsu.

Sau goma sha ɗaya! Kai kana zaune da fensir kana ƙirgawa, ba ka taɓa matsa wa tsoho kofin ba? Shekara arba'in da ɗaya, har yanzu kai ne yaron nan da ke rubuta ranar da kaza ta yi ƙwai.

Saurara. Ɗora tukunyar kofi, ka kanga ambulan a tururi, gam zai saki da kansa. In motsin daidai ne, ka liƙe, babu wanda ya ji. In ba daidai ba, ka gyara. Rubutunka da na Baba iri ɗaya ne, shi ya kama hannunka ya koya maka. Mutumin nan ranar da Mama ta rasu a bakin allo aka je aka same shi. Ba shi da gona, ba shi da shago, sunan nan kaɗai ya tara. Za ka bari samari masu man gashi su yi masa dariya saboda wata ƙa'ida?

Kada ka rubuta wannan a littafinka, don Allah.

Taka, Casilda

Habana, Juma'a, 13 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Na sami wasiƙarki, na karanta sau uku, na ƙona.

Na buɗe. Jiya da rana, Baba na barci.

Doki ya rubuta, Yaya. Dokin gefen sarki, zuwa gidan da zai tsare sarkin Plácido. Motsi ne mai kyau ƙwarai, da a ce dokin yana nan. An cinye shi tun motsi na talatin da ɗaya. Ni da hannuna na rubuta cin.

Na yanki takarda daidai girman tasa. Na rubuta motsin hasumiya, wanda nake ganin zai iya kai shi canjaras. Rubutun ya fito kamar nasa sak, har abin ya ba ni tsoro. Sai na tuna ranar Litinin da Plácido ya ga na sa ambulan a aljihu, ya dafa kafaɗata ya ce, "A hannunka hankalina kwance yake, Eleuterio." Na mayar da takardar Baba, na liƙe. Ki kira ni matsoraci, ni ma haka na kira kaina.

Yau da safe na jera masa wasan a baranda, ina faɗin kowane ɗa da gidansa da ƙarfi. Da na gama ya ce, "Kai, sarkin lissafi, ka manta dokina."

Na ce, "Baba, doki ya tafi. Kai ka ba da shi, ka ci sojoji biyu."

Ya kai yatsa gidan, ya shafa katakon. Ya daɗe haka har sigarinsa ta mutu. Sannan ya ce, "Kofin nan ya huce." Bai ci waken rana ba. Gobe ƙarfe biyu za a ci gaba da wasan. Ban san abin da zai yi ba, ban kuma san ko na kyauta ba.

Ki sa mu a addu'a.
Eleuterio

Habana, Lahadi

Casilda 'yata,

Ina gaishe ki da mijinki da jikokina. Ƙaninki ke rubutawa, na ce kada ya sauya ko kalma ɗaya.

Jiya kafin alƙali ya yage ambulan na ce a miƙo mini. Ƙamshin kofin gidana yake yi, gam kuma ya yi yawa. Na miƙe, na kwantar da sarkina, na ba Plácido hannu. Wanda ya sallama, ambulan ɗinsa nasa ne, ba a buɗewa. An tafa mini.

A hanya na yage, na kai takardar har bakin hancina. Rubutuna ne, dokina ne. Da hasumiya na gani, da sakaran ƙanin nan naki bai ƙara cin abinci a teburina ba. Dabarar tururi kuwa na san taki ce, shi kaɗai ba zai kai nan ba. Rubuta mana, me kake kallo?

Laraba zai kai ni wurin likitan ido. Ki zo da kanki, ina da magana da ke.

Ubanki, Anselmo Valdivia

Yaya, ni ne. Yanzun nan ya miƙa hannu yana lalube. Na matsa masa kofin. Ban rubuta a littafi ba.