Zabbin Godiya ga Farfesa Adomako

Tolon, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Neindow,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Memunatu da yara. Allah Ya sauƙaƙa muku sanyin Italiya, Ya raba ka da ciwon bayan nan da aikin masana'anta ya bar maka. Mu nan sai godiya. An haƙe doya, ta yi kyau, ban da gonar fadama da ruwa ya kwanta a ciki. Yayarmu Sanatu ta warke har ta koma faɗa da kowa, shi ya sa muka tabbata sauƙi ya samu. Matar ɗana Wumbei ta haifi namiji, an sa masa sunanka, kuma wajen ci bai bar mai sunan ba. Ka lura da hannuna na rubuta wannan, tun da kai ne ka yi mini dariya ranar da na shiga ajin yamma na manya da furfura a gemuna.

Albishirinka. Jikata Tiyumba, 'yar Abukari, wadda ka bari tana bin awaki babu takalmi, an ƙara mata girma a jami'a, yanzu babbar malama ce. Kwana uku ke nan ina gaida mutane a hanya ina faɗa musu, har wanda bai tambaya ba. Na fara da ƙarshen labarin ne don kada gabanka ya faɗi, domin saura ƙiris yayanka ya rushe abin da hannunsa.

Ka san shekara tara tana binciken abin da ke ruɓar da doya a rumbu, da yadda toka ke hana shi. Da ta zo hutu a watan Afrilu na tambaye ta yadda ake gane malamin da ya isa ƙarin girma, tun da ba awon buhu ake yi ba. Ta ce ana ƙirga takardun binciken da mutum ya wallafa, sannan a ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci sunansa a nasu rubutun. Ta ce akwai wani ma'auni mai suna h. Na ce wannan harafin na san shi, shi ne mai kama da kujera. Ta ce nata sha ɗaya ne, wato tana da takardu sha ɗaya da aka ambaci kowace aƙalla sau sha ɗaya. Na ce ashe kiwon kaji ne: ba a yabon mai kaza ɗaya da ta ƙyanƙyashe ɗari, sai mai kaji da yawa kowace da 'ya'yanta. Ta yi dariya ta ce wannan tsohon miji nata ya fi wasu abokan aikinta ganewa. Na ce ta buga mini sunayen masu ambaton nata a takarda in ajiye. Ta kawo shafi bakwai, sunaye ɗari biyu da goma sha huɗu, kowa da jami'arsa.

To Neindow, kai ma a gidan nan aka haife ka. Wanda ya zo maka suna ko makoki, kashegari ai sai ka bi gida gida ka yi godiya. Ga mutum sama da ɗari biyu sun kira sunan 'yarmu a bainar duniya, wasu daga Indiya, wasu daga Burazil, ba wanda ya ce musu sannu. Na ji kunya ta kama ni. Ban gaya mata ba, na sayi sabon littafi na fara rubuta wasiƙu da ɗan Turancina, ina kwafe kowace kafin in kai gidan waya. Cikin lissafin sai na ga suna ɗaya yana ta dawowa, Farfesa Adomako na can Kudu, har sau goma sha tara. Na ce wannan ya wuce takarda, masoyi ne na haƙiƙa. Na kama zabbi huɗu mafiya ƙiba, na sa a kwando, na ɗaure wasiƙa a jiki, na ba Sulemana direba ya kai har ƙofar gidansa.

Bayan mako biyu sai ga Tiyumba a kan babur, ko sallama ba ta gama ba ta tambaye ni me na aikata. Ashe idan za a ƙara wa malami girma, ana tura takardunsa a asirce ga wani masani na waje ya auna, kuma nata Farfesa Adomako aka tura wa. Matarsa ce ta karɓi kwandon, ta yanka biyu ta yi miya, ya ci ya suɗe hannu, sai kashegari ya karanta wasiƙar. Nan take ya rubuta wa jami'a cewa ya ci zabbin dangin wadda yake aunawa, don haka ya janye. Jami'a ta dakatar da batun, ta kira Tiyumba ta zo ta wanke kanta daga zargin toshiyar baki. Ta ce in abin ya tabbata, ba girman kaɗai ba, har aikin zai tafi. Na ce ai mutumin ƙaunarta yake yi. Ta dafe kai ta ce sau goma sha taran nan duk ƙaryata ta yake yi, yana cewa tokarta aikin tsofaffin ƙauye ce, a Kudu ko kwana bakwai ba ta riƙe doya. Na ce to me ya sa aka ƙirga? Ta ce na'urar da ke ƙirgar ba ta san zagi ba, suna kawai take gani. Sanatu tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ta ce tun muna yara haka nake, kare ya yi mini haushi in ce gaishe ni yake yi. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Na ce da ni za a je. Tiyumba ta ce in rufa mata asiri in zauna a gida. Na ce wanda ya ɗaure akuya shi ya san ƙullin. Na sa babbar rigata ta saƙi, na ɗauki littafina, muka shiga gaban mutum biyar a dogon tebur. Shugabarsu, wata Farfesa Ayamga, ta tambaye ni ta yaya na san wanda ke auna takardun. Na ce ranki ya daɗe, ban sani ba, yawan ambato na bi. Na miƙa littafin. Suka ga wasiƙa talatin da takwas, duk da kwanan wata, duk magana ɗaya: mun gode, Allah Ya sa a ambaci naka. Wani mai sanƙo ya tambaya me ya sa na Indiya bai sami zabo ba. Na ce Sulemana Kumasi yake tsayawa. Wani siriri a ƙarshen tebur ya yi ta jujjuya shafi, can ya ce shi ma ya ambace ta sau biyu, ga shi a garin nan yake, ko ƙwai bai gani ba. Na ce bi da bi nake yi, shi kuma sunansa da harafin ƙarshe ya fara. Shugabar ta sa mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa, ta ce mu jira a waje.

Neindow, minti ashirin ɗin nan sun fi mini noman rana guda. Tiyumba ta riƙe hannuna. Da aka kira mu, aka ce babu laifi a kanta, za a tura takardun ga wani masanin dabam. Ni kuma aka sa na yi alkawari a gabansu ba zan ƙara aika wa wani masani abu mai fuka-fuki ko mai ƙafa huɗu ba. Na ce doya fa? Aka ce har doya. Wata huɗu muka yi muna jira, sai ranar Litinin takarda ta fito. Sabon mai awon ya ce aikinta ya isa har ya yi rara. Tiyumba ta ce da Adomako ne ya auna, Allah kaɗai Ya san yadda za ta kaya, amma in na kuskura na ce zabbina ne suka yi aiki, za ta sake ni ta auri wani tsohon. Ni dai ban ce ba. Kai ma kada ka ce.

Yanzu ga abin da nake so da kai. A shafi na biyar akwai wata Farfesa Morandi a birnin Padoba na Italiya, ta ambaci Tiyumba sau uku, kuma wannan karon na sa an duba mini, yabo ne. An ce daga Modena inda kake ba nisa a jirgin ƙasa. Ni aka sa alkawari, kuma a kan kaya ne, ba a kan gaisuwa ba. Ka sa rigarka mai kyau ran Asabar, ka je ka durƙusa ka ce mutanen Tolon sun gode. Kada ka riƙe komai a hannu, ko goro. In ta ba ka abinci, ka fara tambaya ko tana auna takardun wani namu kafin ka ci.

Ka gaida Memunatu, ka ce man kaɗanyarta na nan an ajiye. Ka gaida yaranka Suhuyini da Tungteeya, su riƙe karatu da kyau. Sanatu tana gaishe ka, ta ce wai ka manta hanyar gida. Abukari da Wumbei da takwaranka duk suna gaisuwa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne yayanka mai alfahari,
Napari Ziblim