Zoben famfon Tsauni

Baba,

Na dawo na tarar ka tafi Kance, ga motar Damagaram da zan bi za ta tashi, shi ya sa na bar maka wannan wasiƙa.

Zoben da na sa ka ƙera wa famfon rijiyar Tsauni ya tsage jiya da hantsi. Mata sun koma gida da tuluna wayam, cikin farin nan. Laifina ne. Da na zana ƙarfen a takarda, na raba shi gida-gida ina lissafin ƙarfinsa, aikin ya yi mini yawa, sai na taƙaita, na ɗauka inda sandar famfon ke danne zoben ba zai lotsa ba. Kai kuwa ka shafa shi da babban yatsa, ka ce a ƙara masa kauri. Na ce maka, gaban jama'a, ba haka aka koya mana a makaranta ba.

Sojan da ke kula da rijiyoyi ya ce aikin maƙeri ne bai yi kyau ba. Ina tsaye, Baba, na yi shiru. Zan je in faɗa masa gaskiya da bakina.

Tsagaggen zoben yana gindin uwar maƙera. Don Allah ka ƙera sabo, da awon yatsanka.

Ka yafe mini.

Muntaka