Kore Nake Faɗa, Ja Nake Ji

Zuwa ga sanyin idanuwana, raɓar safiyata, inuwar da nake hange ban taɓa zama a ƙarƙashinta ba, kai da zuciyarka ta taɓa kwanciya a tafin hannuna,

Gaisuwa gare ka mai yawan ɗigon ruwan sama, mai ƙamshin ƙasar da ta sha yayyafin farko. Kada ka juya takardar nan kana neman suna. Ni ce. Ƙanwar abokinka, 'yar kan benci, mai riƙe maka waya. Wadda ba ta taɓa ce maka komai ba sai launi.

Ka tuna ranar da likita ya ce sai ka rage ƙiba saboda numfashinka da gwiwoyinka? Ka shigo gidanmu da wata ɗamarar roba a leda, kana yi wa Yayana bayani, ni kuwa ina bayan labule na kasa kunne. Ka ce a ƙirji ake ɗaura ta, tana jin bugun zuciya, tana aika lamba zuwa waya. In allon ya nuna shuɗi, wasa kake yi, kitse na kwance yana maka dariya. In ya nuna ja, ka wuce kima, haki zai zubar da kai tun ba a je ko'ina ba. Kore ake so, a shige shi a daɗe a ciki. Yaya ya bugi ƙirji ya ce shi zai riƙa duba maka wayar. Ina! Ba a je da nisa ba barcin safe ya ci ƙarfinsa, ya leƙo da kai daga bargo ya ce in tashi in je in riƙe wa Tulu waya, tunda ba ni da aiki sai karatun littattafan kuka. Allah ya saka wa barcin Yaya da alheri! Sunan nan kuwa da suke kiran ka da shi, wallahi ko a cikin raina ban taɓa furta shi ba.

Wayyo filin bayan gidajenmu! Wayyo bencin nan mai karyayyar ƙafa da aka tokare da bulo! Wayar ba ta jin ɗamarar daga nesa. In ka kai can wajen tankin ruwa sai lambar ta ɓace, allon ya yi shiru, ni ma numfashina ya tsaya. In ka zagayo, sai 'yar zuciyar nan ta kan allo ta farfaɗo tana fat, fat, fat, kamar ɗan tsuntsun da aka tsinta cikin ruwan sama. Ka gifta, in ce kore. Ka sake giftawa, in ce ja, rage. Iyakacin hirarmu ke nan, amma wace yarinya ce a duk littattafan da na karanta aka taɓa damƙa mata zuciyar masoyinta, ta gan ta da ido tana motsi? Su da baki ake faɗa musu. Ni gani na yi.

Akwai wata safiya da nake ajiye da ita kamar turare a ƙasan akwati. Ka gama zagaye, ka tsaya gabana kana huci, lambar tana sauka a hankali har ta koma shuɗi. Na miƙa maka tawul, ka ɗago ka kalle ni, ka ce sannu da ƙoƙari. Sai lambar ta yi tsalle ta koma kore! Kana tsaye cak, ko taku ba ka yi ba! Na koma gida ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Na tambayi Yaya a fakaice, ya ce ai ko tari mutum ya yi lamba tana tashi. To ni dai ban ji ka yi tari ba. Ko ka yi ne ban lura ba?

Sai kawunka ya kawo maka agogon nan. Baƙin agogo mai zuuu a hannu, wanda ya karɓe mini aiki ko sallama babu. Shi ke faɗa maka kore, shi ke faɗa maka ja, ɗamarar ta koma leda, ni na koma mai zaman benci da littafi a cinya, shafi ɗaya nake kallo har rana ta ɗaga. Na yi kishin agogo, ban ɓoye maka ba, amma na haƙura, don agogo ba shi da haƙora balle ya yi maka murmushi.

Ita kuwa tana da su. Mai jan takalmi nake nufi, wadda ke yi wa makarantarmu gudu, mai ƙafafu kamar na zalɓe. Da kunnena na ji tana ce maka agogo yana iya yin kuskure, wai gwajin da ya fi kowanne shi ne magana: in kana gudu kana iya hira amma ba ka iya rera waƙa, to kana kore. Wataƙila gaskiya ne. Amma wa ya naɗa ta mai kawo hirar? Yanzu sai ku zagaya tare, bakinta kamar famfon da ya lalace, kai kana dariya, ku wuce ta gabana kamar bencin ba kowa a kai. In tana son ganin lamba sai ta kamo hannunka ta juya shi. Lambar ba ta karantuwa ne sai an riƙe hannu? Ni da na riƙe zuciyarka ɗungurungum, ko ɗan yatsanka ban taɓa taɓawa ba!

Kuma ja take kai ka, ya hasken ranata, ja irin na takalminta. Ita barewa ce, kai kana bin sawunta da ƙarfin hali don kada ka ji kunya. Ba na buƙatar waya in gane. In ka shiga ja, kafaɗunka tashi suke yi, ƙafarka ta hagu ta fara ja da ƙasa, dariyar ta koma haki. Rannan ka zauna ka dafe gwiwa tun kafin ka yi rabin abin da ka saba, ita tana tsalle a kanka wai ka tashi, kai namiji ne. Kalmar rage ta zo mini har leɓe, kunya ta mayar da ita ciki. Na koma gida na yi kuka a bayi, na kunna famfo don kada Mama ta ji.

Mai jan takalmin tana ina lokacin da samarin bakin shago ke ce maka a hankali kada ƙasa ta tsage? Tana ina ranar da ka kasa gama zagayen farko, ka juya baya kana share ido kana cewa gumi ne? Sai yanzu da ka huda wa bel ɗinka sabon rami da ƙusa, sai yanzu da haɓarka ta fito kamar jinjirin wata, kowa ya ga kana da kyau! Ni tun kana cika ƙofa nake ganin wata ɗan daren sha huɗu. Don lafiyarka na yi murna da raguwarka, amma Allah ya sani, duk abin da ya zube a jikinka nawa ne ya ragu.

Kai ke gudu, ni ke rama. Har Mama ta fara taɓa goshina tana zargin zazzaɓi. Ina rama, ina kuma son in rama! A raina na sha ƙulle wa mai jan takalmin igiyoyin takalminta da juna, na sha gaya mata maganar da za ta hana ta sake taka filin nan. Amma da ta iso ta ce ƙanwata ina kwana, sai in ji bakina ya ce lafiya lau, Anti. Anti! Ajinmu ɗaya fa!

Na gane laifina ne ka nemi abokiyar hira. Mutum ba zai yi ta zagaye duniya yana jin kore da ja kawai ba. Saboda haka ga roƙona. Ran Asabar ka bar agogon a gida. Ka ciro tsohuwar ɗamarar ka ɗaura, ka zo da wuri kafin mai jan takalmi ta iso, ka ba ni wayar. Kada ka yi gudu. Ka zauna a ɗaya gefen bencin, gefen da ba ya rawa, har lambar ta sauka ta kwanta a shuɗi. Kada ka sha ruwa, kuma don girman Allah kada ka yi tari. Sannan zan ɗago kai, in kalle ka, in faɗa maka kalma biyu uku waɗanda ba launi ba ne.

In lambar ba ta motsa ba, zan miƙa maka wayarka, in ɗauki littafina, ba za ka sake ganina a bencin nan ba. In kuwa ta motsa, ko da ɗigo ɗaya ne, ba sai ka ce komai ba. Ni na iya karanta ta.

Taka, kana ƙato ko kana siriri, kana kusa ko kana can bayan tanki inda waya ba ta jin ka, har ranar da tawa lambar za ta ɓace ba ta dawo ba,

Mai riƙe maka waya.