Ƙaramar Kyamarar Safina

Takur, Dutse

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da Kaka Zulaihatu da duk mutan gida. Yaya kunnen? Tunda ba ka ji sosai a waya, na ga gara in rubuto in ba Ɗan'inna direba ya kawo maka.

Baba, na gama koyon ɗaukar hoton, saura sayen kyamara kamar yadda ka amince. Jiya Yaya Kamilu ya raka ni shago, aka fito mana da guda biyu. Ɗaya babba ce da wani ya taɓa aiki da ita, mai dogon baki irin ta 'yan jarida. Ɗayar ƙarama ce sabuwa, ta 'yan koyo. Yaya ya kafe a kan babbar, wai in na rataya ƙaramar a gidan biki za a ce wasa na zo yi. Ni kuwa da na ɗaga babbar sai hannuna ya kama rawa don nauyinta, maɓallanta ma sun fi ƙarfin sanina. Na roƙi mai shagon ya kashe fitila na gwada su. Ƙaramar ta fito da fuskar Yaya tas, hoton babbar kuwa dishi-dishi saboda rawar hannuna.

Abin da ya sa na damu, Hajiya Talatu ta Limawa ta ba ni aikin kamun 'yarta ranar Asabar ta sama, don ba ta son namiji ya shiga cikin mata. Ɗakunan nan ba haske, biki kuma ba a maimaita shi. Me ka gani?

Ka huta lafiya.
'Yarka, Safina

Ringim

Safina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kunne da sauƙi. Shanu ma lafiya, duk da ba ki tambaya ba.

Ni ban san kyamara ba, ban taɓa riƙe ta ba. Amma ba Kamilu ne zai tsaya da ita tun azahar har magariba ba. Ki ɗauki wadda hannunki ya yarda da ita. Daraja aiki ke kawo ta.

Shekaranjiya a bakin masallaci Malam Idirisu ya tambaye ni gaban mutane ko gaskiya ne duk karatun nan da kika yi a mai hoto za ki ƙare. Na ce masa gaskiya ne, kuma da izinina. Ba don in tsorata ki na faɗa ba, don ki san inda na tsaya ne.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Jaji

Takur, Dutse

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa gare ka da Kaka, da shanu.

Ƙaramar na saya. Yaya ya yi fushi, bai yi mini magana a hanya ba.

Ranar kamu ina shiga gidan wata gwaggon amarya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Da wannan 'yar mitsitsiyar za a yi aikin?” Ana fito da amarya kuma aka ɗauke wuta. Na daure na roƙi a yaye labule, na zaunar da amarya a bakin ƙofa inda hasken la'asar ke shigowa, na durƙusa na yi ta ɗauka. Ban iya cin abincin bikin ba.

Da na wanko hotunan na kai, Hajiya Talatu ta daɗe tana kallon wanda ta dafa kan 'yarta tana mata addu'a. Ba ta ma san na ɗauka ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce tun da take aurarwa ba ta taɓa sakin jiki a bikin 'ya'yanta kamar wannan ba. Ita gwaggon nan kuwa ita ta fara neman lambata, suna da bikin suna a watan gobe. Yaya Kamilu ne ma zai kai ni a babur.

Ga guda uku nan, da yardar Hajiya, a nuna wa Kaka.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Safina

Ringim

Safina,

Salamu alaikum. Saƙo ya iso, hotunan na ba kakarki ban buɗe ba, tunda na mata ne. Ta wuni da su a cinya. Ta yi ta tambayata ko da gaske ke kika ɗauka, ba wani namiji a wurin.

Kin san Inna ba ta taɓa zama gaban mai hoto da son ranta ba. To jiya ta sa an fito da zanen saƙinta daga adaka an wanke, yau kuma na tarar ta sa lalle hannu da ƙafa. Ta ce ki zo Juma'a da kyamararki, kada ki bari lallen ya dushe.

In kin gama da ita, zan sa babbar rigata in zauna a gefenta.

Allah ya kawo ki lafiya.
Mahaifinki, Jaji