Tsakin Shinkafa Na Masu Surfe Ne

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Hajo 'yar Malam Shu'ibu, mai gumin shinkafa a Haɗeja, nake rubuta wannan da hannuna. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini wuya, amma hankalina bai gushe ba, kuma babu wanda ya tilasta ni. Adamu, Mairam, Auta, ku saurara.

Na ɗaya. Gida da gonar fadama da tukwane da turame, malamai za su raba muku yadda Allah ya ce. Ba ni da baki a ciki. Sulusi kawai aka yarje mini, zan zo kansa.

Na biyu, shi ne ya hana ni sakat. Tun zamanin Inna, matan da ke yi mana surfe, bayan ladansu, duk tsakin da ya fita a bakace nasu ne. Ba a aunawa, ba a tambaya. Da shi suke fate da kunu har damina ta fita. A shekara ta uku ta yaƙin Hitila, wakilin wani kamfani a Malam Madori ya ce abincin soja ake nema, har tsaki zai saya. Na sa aka riƙa ɗure shi a buhu ana kai masa. Na ce wa raina ai shinkafata ce, ladansu kuma ban rage ko anini ba. Na tambayi wani malami, ya ce ban ci haram ba. Na ji daɗin amsar, don ita na je nema.

A shekarar ruwa ya cinye gero. Kolo, wadda ta yi mini surfe shekara goma sha ɗaya, ta binne 'ya'ya biyu kafin kaka. Ban ce tsaki yana tare ajali ba. Amma na san abin da ke shiga tukunyarta a da, na kuma san inda na kai shi. Ta jingine taɓarya, ta koma wajen danginta a Kafin Hausa. Sau biyu na aika mata da zane da goro, ta karɓa, ta aiko da godiya. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Na uku. Sulusina a sayi shinkafa tsaba da shi, a raba wa matan surfen nan su tara. Mairam ta san su. Rabon Kolo, Adamu, kai za ka kai da ƙafarka. Ka ce mata haƙƙinta ne, ba sadaka ba. Ka nema mini gafara sau ɗaya. In ta yi shiru, ka taso. Kada ka tara mata dattawa don kunya ta sa ta amsa. Yafiyar da aka ƙwata ba za ta amfane ni ba.

Na huɗu. Adamu, ka kira ƙanwarka Mairam ɓarauniya ranar da ka kama ta tana ƙulla wa matan tsaki a gefen zane. Ni ma na mare ta. Mu ne muka ɗauki abin mutane, ita mayarwa take yi. Shekara huɗu ke nan ba kwa gaisawa. Ni na durƙusa mata tuni, saura kai.

Na biyar. Na ji wakilin ya dawo da ƙarin farashi, na kuma san iyali sun yi maka yawa, ɗana. Ka sayar masa da tsaba, busasshiya, mudu cikakke. Tsaki kuwa ba namu ba ne balle mu sa masa kuɗi. In sana'ar ba za ta ci da ku ba sai da shi, ku kife tukwanen. Auta, ke ce shaidata a kansu.

Allah ya yi muku albarka, ya tsarkake abin da za ku sa a bakin 'ya'yanku. Ku riƙe juna, kada wani ya ci abinci ɗan uwansa yana hamma. Na yafe muku duka, ku yafe mini. Amsar Kolo, ku za ku ji ta a nan. Ni sai na je can zan sani.